Sitiyarin Jatau

Ku matso, ku yi shiru. Ba na maimaita magana.

A tasharmu akwai wata tsohuwar safa, mai dogon baki da kujerun katako. Tsofaffin direbobi suka ajiye ta don tarihi. Sau ɗaya a shekara ake fito da ita, a kwashi dattawa da iyalinsu zuwa bakin dam, a wuni a dawo.

Da ta taɓa lalacewa, Jatau bakanike ne ya tashe ta daga mutuwa. Shekara huɗu yana kwance a ƙarƙashinta. Amma ranar fita, Ilu direba aka miƙa wa makulli, wai shi ya ja ta tun tana sabuwa. Mata na guɗa, Ilu na gyara hula a madubi. Jatau ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Ya zagaya, ya tsinke wayar oda, don dai Ilu ya ji kunya. Ya koma kujerar ƙarshe ya zauna shi kaɗai.

Ya manta abu guda. A Gadar Tsamiya, in rana ta take, direba kan danna oda sau uku, don mutanen ɓoye su kwashe 'ya'yansu daga hanya.

Da suka iso gadar, Ilu ya danna. Shiru. Motar ta haye.

Sai Jatau ya ji sanyi a gefensa. Wata mata ce zaune, da goyo, tana haki. Ba a tsaya ko'ina ba balle ta hau. Ya sunkuyar da kai. Ƙarƙashin zaninta kofato ne.

"Da ƙyar na fizge ɗana," in ji ta. Muryar kamar daga cikin rijiya. "Wa ya hana motar nan sallama?"

"Baiwar Allah, ba da ke na yi ba."

"Na sani. Tuƙi kake so. Ungo."

Ta ɗaga hannuwansa sama. Ya ji ƙarfe mai sanyi a tafinsa, ido bai ga komai ba. Ya ɗan karkata, motar ta karkata. Can gaba Ilu na murɗa nasa sitiyarin, yana juyawa a banza.

Rai talatin a hannunsa. Jatau ba ya hango titi, sai ƙeyoyin mutane. Ita ke raɗa masa dama, hagu, ga rami. Gumi ya jiƙa masa riga. A haka har bakin ruwa, motar ta tsaya da kanta. Ya waiga, ba kowa a gefensa.

Jama'a suka sauko suna yabon Ilu, wai ba su taɓa ganin tuƙi mai laushi irin na yau ba. Ilu ya sauko yana ta duban sitiyarinsa. Jatau kuwa ko ya faɗa, wa zai yarda?

Yatsunsa ba su sake miƙewa ba. Har ya rasu a lanƙwashe suke, ko sifana ba ya iya riƙewa, tuwo ma sai an ba shi a baki.

In hanya ta bi da ku gadar nan da tsakar rana, kada ku haye ku kaɗai. Ko a ƙafa kuke, ku yi gyaran murya sau uku. Ku tashi haka nan.