Makullin da Aka Hana Tela

Mai Makulli ya ci amanar aiki, ya kuma tozarta 'yar mutane don kawai ta ƙi shi. Wannan mugunta ce, kada wani ya kira ta kuskure.

Kamfanin nasu na gina shafukan intanet ne, ɗaki guda mai dogon tebur da kwamfutoci a jere. A wannan sana'a, sabon shafi yakan zauna a wurin gwaji, inda ma'aikata kaɗai ke ganinsa. Sai an gama ake fitar da shi duniya da wata kalmar sirri, wadda suke kira makulli. Babban ma'aikacinsu ke raba ta, shi ya sa sunan ya bi shi.

Nan Tela ya zo. Ya daɗe a kan keken ɗinki kafin ya koya wa kansa aikin kwamfuta, bayan bayansa ya fara ciwo. Ranar da ya fara, kowa ya ɗago ya dube shi ya mayar da kai. Mutum ɗaya ce ta janyo masa kujera, Auta, mai zana fuskar shafuka.

"Kai ne telan da ake faɗa?"

"Ni ne. Kuma hannun rigarki na hagu ya fi na dama tsawo."

Ta duba, ta yi dariya har ta dafe tebur. "To sannu da zuwa. Ashe ka zo da idonka."

Tela bai ɓoye asalinsa ba, bai kuma ji kunyar tambaya ba. Abin da bai sani ba sai ya ce bai sani ba. Wanda maɓallinsa ya tsinke ya ɗinke masa a lokacin hutu, shi kuma a nuna masa inda aikinsa ya karkace. A hankali aka fara matsa masa wuri a wajen cin abinci.

Da ya tashi faɗa wa Auta abin da ke ransa, saƙo ya tura mata:

"Na taɓa yadi iri-iri, ban taɓa ganin mai laushin halinki ba. Daga yau sunanki Alharini. Idan kin yarda, da aure nake."

Ta amsa: "Telana, ka auna da kyau kafin ka yanka. Babana ba ya son wasa. Amma ni na yarda."

Mai Makulli ya riga ya nemi Auta ta ba shi haƙuri, bai haƙura ba. Da mahaifinta, mai sayar da gadaje da kujeru, ya ba kamfanin aikin shafin shagonsa, Manaja ta haɗa Mai Makulli da Tela su biyu a kan aikin, ta ce ya ba Tela makulli. Ya ce mata ya bayar. Da ta fita ya ce a gaban kowa, "Ni in ba mai almakashi makulli? Ya bari sai ya daina warin man keke."

A nan Tela ya yi tasa wautar, kuma ba za a rufa masa ba. Masu wannan aiki sukan cike gurbin rubutu da kalmomin banza don su ga zaman shafi kafin rubutun gaske ya iso. Tela ya ce shi bai saba gwada riga a jikin iska ba. Sai ya cike guraben da abin da ke bakinsa. Ƙarƙashin hoton babban gado ya rubuta: "Alharini, Autar mai shago, da ke zan tsufa." Ƙarƙashin kujera mai zaman biyu: "Ɗaya naki, ɗaya na Telanki." Ya ɗauka wurin gwaji ɗaki ne mai ƙofa. Mai hankali ba ya ajiye sirrinsa inda maƙiyinsa ke da makulli.

Mai Makulli ya gani, ya fitar da shafin duniya yadda yake.

Kafin azahar wayar mahaifin Auta ta ɗauki zafi. Wani abokin kasuwancinsa ya ce, "Gadon nan, da Autar ake sayar da shi?" Dattijon ya kira 'yarsa ya ce ta dawo gida, kada ya sake jin sunan wani tela.

Saƙonta ya shigo wayar Tela: "Ka kunyata ni a idon Baba. Ashe haka kake?"

Ya amsa: "Ni na rubuta, ba ni na fitar ba. Laifina zan ɗauka, na wani kuma zai ɗauki nasa. Ki ba ni yau."

Manaja ta tara su ranta a ɓace. Mai Makulli ya riga kowa magana. "Na faɗa, sabon hannu ne. Ya danna abin da bai sani ba."

"Tela, sauke shafin nan yanzu," in ji Manaja.

"Ranki ya daɗe, da me? Ba ni da makulli."

"Ba a ba ka ba?"

Mai Makulli ya dubi tsofaffin abokansa, yana jiran su yi shiru kamar kullum. Sai na ƙarshen tebur ya ce, "Ba a ba shi ba. A gabanmu aka ce yana warin man keke." Wata ta ce, "Duk mun ji. Tela namu ne, ba za a ɗora masa ba."

Da yamma Tela ya ɗauki kawunsa suka tafi shagon. Ya durƙusa tsakanin gadaje ya gaishe da dattijon.

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne, Baba. Na yi wauta, ina neman gafara. Amma babu ƙarya ko ɗaya a ciki."

"Mutumin da ya bar sana'arsa rana tsaka, me zai hana ya bar mace?"

"Ban bar ta da bashin kowa ba, Baba. Sai da na gama ɗinkin mutum na ƙarshe na miƙa masa. Abin da na kama ba na sakinsa a rabi."

Manaja ta riga ta kira dattijon ta faɗa masa wanda ya fitar da shafin, amma so yake ya ji ko yaron zai fake da wannan. Bai fake ba.

"Maganar da ka rubuta a ƙarƙashin gadona, a gabana ya kamata ka fara faɗinta. Tashi. Malam, ku turo manyanku."

A hanya Tela ya tura wa Auta: "Alharini, Baba ya ce a turo." Ta amsa: "Telana, na yafe. Amma hannayen rigar aurena su zo daidai."

Shi ya ɗinka rigar da hannunsa. Ranar auren duk ofishin suka zo, dattijon ya dafa kan ango da amarya ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari. Kujerar nan mai zaman biyu ita ya aika musu gida.

Mai Makulli kuwa, an karɓe makullin an sallame shi daga aiki.