Tabo a Girar Hagu

Ranar da labarin ya ishe Kyauta, tana tsugune a tsakar gidansu a Wurno tana yankan lawashi. Ƙawarta Indo ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Ke Kyauta, an liƙa ki ga bango."

"Mi kike faɗi haka?"

"Bangon makarantar boko. Ke da ƙwaryarki bisa kai. Kuma ba guda ba, bangon dut ke ta."

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Kyauta.

Zamanin Turawa ne. An kawo sabon malami elementare, wani saurayi ɗan garin Rabah mai suna Yusha'u, aka ba shi darasin zane. Shi kuwa sai ya ce wa yara su leƙa taga su zana abin da suka gani. To daidai wannan hantsin ne kullum Kyauta ke wucewa da furar babanta Ma'azu zuwa fadamar albasa. Yara suka yi ta zana ta. Da zango ya ƙare, hedimasta ya kira iyaye su zo su ga aikin 'ya'yansu, aka liƙa takardun da makinsu a jiki.

Da zanen kaɗai ne, da da sauƙi. Kyauta tana da ɗan tabo a girar hagu, akuya ce ta tunkuye ta tana ƙarama. Ta tsani tabon, kullum sai ta jawo kallabi ta rufe, iska ce kawai ke tona shi. Amma duk takardar da ba tabo, Malam ya sa shi da jan fensir ya rage maki. Wanda ya sa a dama, ya soke ya mayar hagu. Wanda ya zo na ɗaya kuwa, ƙafafun da ya yi mata kamar taɓare, sai dai tabon yana inda yake.

Gari ya ɗauka. In ta je rijiya, mata su ce, "Kyauta, yau nawa Malam yab ba ki?" Ta daina fita sai dole.

Ma'azu ya tafi makaranta a fusace, ya sa aka sauke takardun. "Surar mai rai, kuma ta ɗiyata? Ina yas san ta har shika gyaran huskarta?" Aka ce za a mayar da Yusha'u Goronyo. Mainasara, ɗan kasuwar albasa daga Achida, wanda tun bara yake zuwa zance wurinta, ya ɗauke ƙafa, wai sai ya yi tunani.

Wata safiya Kyauta ta canja hanya ta bi ta bayan gari, sai ga Malam Yusha'u tsaye gindin tsamiya. Ta so ta juya, ya yi sallama kansa a ƙasa.

"Na zo neman gafara. Na ɓata miki suna, ban yi nuhi ba."

"Malam, ko magana ba mu taɓa yi ba."

"Gaskiya na."

"To mi yak kai ka ga girata?"

Ya ce, "Aikina shi na in duba ko yaro ya ga abin da ag gabanai. In na ɗauki takarda na ga ba tabo, sai hannuna shi ƙi wucewa. Wata ta daban suka zana, ba ke ba. Ban san na tona kaina ba sai da nig gan su jere ga bango."

"Shi ko wanda yam mai da ƙahwahuna taɓare, shi kab ba na ɗaya?"

"Ƙahwa ana koyo. Shi ya duba da kyau."

Dariya ta taso mata, ta danne ta da gefen mayafi ta wuce. Tun tana yarinya take ɓoye abin nan, ashe akwai mai rage wa yara maki saboda babu shi.

Bayan kwanaki Mainasara ya dawo, ya zauna a zaure ya ce wa Ma'azu ya yafe, zai aure ta haka nan. Kyauta ta ji ta bayan zana. Ta aika Innarta ta kira Baba ciki, ta durƙusa.

"Baba, abu guda nika roƙo. Ka tambaye shi tabon nan wane gehe shike."

Ma'azu ya harare ta, amma ya koma ya tambaya.

Mainasara ya gyara zaman hula. "Ai kowa ya sani, Baba. Ga dama shike."

Ma'azu ya tashi ya shigo gida, ya ɗaga kallabin 'yarsa da yatsa, ya duba. Shi kansa sai da ya duba. Ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"Shekara guda yana zaune gabanki," ya ce a hankali. "Ke, wancan malamin, kina son shi?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja tabarma da farce.

"Ku kira man shi."

Yusha'u ya zo yana zufa, ya zaci kora ce. Ma'azu ya ce, "Wanda yak kalli ɗiyata haka, ko shi turo manyanai ko shi runtse ido. Wane kaz zaɓa?"

"Gobe suna tahe, Baba."

"Kuma kada a ƙara zana ta. Su zana akuya, ita taj jawo muna wanga."

Da aka cire albasa aka ɗaura aure. Matan da ke tsokanarta a rijiya su ne suka fi kowa guɗa. Ma'azu ya sa musu albarka, aka ɗora amarya a kan doki sai Goronyo. Tun daga daren farko Malam bai ƙara kiran sunanta ba. In ya dawo daga makaranta, tun daga ƙofa zai ce, "Ta-hagu, na dawo." Ita kuma ta ce, "Sannu, mai jan fensir. Yau wa kac cuta?"

Suka haifi 'ya'ya, suka ga jikoki. Daminar da ta wuce Malam ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Har yau kullum da safe, in Kyauta ta ɗaura kallabi, sai ta sa yatsa ta tura shi baya ta gefen hagu, sannan ta fita tsakar gida.