Yarinyar Da Ba Ta Isa Rijiya Ba

"Kashe min wannan shirmen!"

Marubuciya ta miƙe zumbur a tsakiyar ɗakin tace fim, har kujerarta ta daki bango. Mai tacewar ya tsayar da hoton, ya sulale waje sum-sum.

Darakta ya juyo da murmushin nan nasa da ya sace mata zuciya tun ranar da ya zo neman izinin mayar da littafinta fim.

"Haba Zuciyata... ko rabi ba ki gani ba."

"Na ga abin da ya ishe ni!"

Ɗan littafi ne siriri, na karantawa a zama ɗaya. Labarin yarinyar da ta shiga rijiyar aljanu don ta ƙwato muryar mahaifiyarta da suka sace. A gefen gadon Mama ta rubuta shi, shekarar da ciwo ya ɗauke wa Mama magana. Shi ne Darakta ya ja, ya ja, har ya mayar da shi fim huɗu.

"Fim na uku ke nan, har yau yarinya ba ta isa bakin rijiya ba! Kunkuru ka ɗora ta a kai? Yaƙi a na ɗaya, yaƙi a na biyu, yanzu kuma wani dodon roba da ko jariri ba zai razana ba!"

"'Yan kallo suna son yaƙi, Masoyiyata."

"'Yan kallo barci suke yi! Yayana minshari ya dinga ja a sinima, sai da na rufe fuska don kunya."

Yayan nan ya gaya mata tun farko: "Wannan mai bakin zumar littafinki yake so, ba ke ba." Ta daɗe tana gaba da shi a kan maganar.

Ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Ƙanwar furodusa ce, wadda aka ƙirƙiro wa matsayin gimbiya, alhali babu ko inuwar gimbiya a littafin. Ta dafa bayan kujerar Darakta tana yauƙi.

"Au, Marubuciya ce? Ba ka faɗa mata ba?"

Ya sunkuyar da kai.

Gimbiyar ta ce, "A na huɗu yarinyarki a hanya za ta mutu. Ni zan shiga rijiyar."

Ko kallo Marubuciya ba ta yi mata ba. Shi ta tsare da ido.

"Gaskiya ne?"

"Furodusa ne ya matsa... ki fahimce ni, don ginin gobenmu nake yi."

"To, tambaya ɗaya. A ƙarshen littafin, yaya yarinyar ta samo muryar?"

Ya sosa ƙeya.

"Ta... ta kashe sarkin aljanun?"

Ta saki wata dariya mai ɗaci.

"Tata muryar ta bayar a madadi! Uwa ta yi magana, 'ya ta koma bebiya. Wato ko ƙarshensa ba ka karanta ba?"

"Na karanta bayanin da ke bayan bangon littafin..."

"Bayan bango!"

Ta dube shi sama da ƙasa. Wannan ne ta yi wa Yaya rashin kunya a kansa? Ta zare zoben alkawarinsa, ta jefa cikin kofin shayin da ya huce a gabansa.

"Zuciyata, don Allah tsaya!"

"Ka ba gimbiya. Ai ta saba karɓar abin da ba nata ba."

Sai da ta shiga tasi hawayen suka zubo, masu zafi, domin ta so shi da gaske.

Fim na huɗu ya fito, kujeru suka fi mutane yawa. Gimbiya ta koma wa wani daraktan. Shi kuma ya bayyana a ƙofar gidansu, ya rame, yana neman sulhu.

Yaya ya leƙo ɗakinta.

"Ga mutuminki can a waje, kamar zai yi kuka. In ce masa me?"

Ba ta ɗago daga kan teburinta ba.

"Ka ce masa ina rubutu."