Ƙwayar Gado Na Shida

Sai da matar ta haɗiye ƙwayar ta kora da ruwa, sannan idon Auta ya faɗa kan ɗan zoben robar da ke ɗaure a hannunta.

Ba sunan da ke kan katin magani ba ne.

Sunan mahaifiyar saurayinta ne.

Innalillahi!

Wata biyu ke nan Auta tana koyon aikin jinya a ɗakin mata. Tun safe take kauce wa gado na uku, don an ce mata nan aka kwantar da Umma, matar da ta ƙi ko ganin fuskarta, ta ce ɗanta ba zai auro bare ba alhali ga 'yar gwaggonsa a gida. Ashe Umma ta yi musanyar gado da maƙwabciyarta saboda fanka, ta koma na shida. Auta kuwa lambar gado ta bi, ba ta tambayi suna ba.

Maganin ciwon suga ta ba wadda ba ta da suga, kuma ko karyawa ba ta yi ba.

Ta ja tire ta shige ɗakin ajiyar magani.

Ƙofa ta rufe a bayanta. 'Yar gwaggon ce, wadda ajinsu ɗaya da Auta a makarantar jinya.

"Na ga komai," ta ce tana murmushi.

"Ki matsa in je wurin Sista..."

"Ki je mana! Su kore ki, shi kuma ya ji kin nemi kashe masa uwa. Ko ki yi shiru, ni zan lallaɓa ta ta sha shayi mai siga. Ba mai ji, ba mai gani."

Auta ta ɗago. "Sai me?"

"Sai ki fita harkar Yayana. Yau ɗin nan."

Ɗakin ya yi mata ƙunci. Dama kanta ce ta magunguna, hagu firiji, gaba kuma wannan murmushin. In ta faɗa, ta rasa karatu, ta rasa shi. In ta yi shiru ma, ta rasa shi, kuma kofin shayi ɗaya ba zai riƙe ƙwayar da ke aiki wuni guda ba. In sugan ya faɗi Umma tana barcin rana, wa zai san dalili?

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Saƙonsa ne: "Hasken idona, ki kula min da Umma."

Hawaye suka zubo mata.

Ta ture hannun 'yar gwaggon ta fita.

"Sista, na yi kuskure. Na ba gado na shida maganin suga, ba nata ba ne."

Sista ta ajiye biro. "Ƙarfe nawa? Ƙwaya nawa?"

"Minti goma da suka wuce. Ɗaya."

"Kira likita. Ɗauko abin gwajin suga. Kuka sai anjima!"

Aka tsira wa Umma allura a ɗan yatsa, aka sa ta ci abinci, aka ci gaba da gwaji duk bayan awa. Wajen azahar ta fara gumi, hannunta na rawa, aka ɗaura mata ƙarin ruwa mai suga. Sai la'asar ta dawo daidai.

Auta ta rubuta rahoto da hannunta. Hukunci: za a ƙara mata wata uku.

A baranda saurayin nata ya same ta, idonsa jawur.

"Uwata, Auta? Tambayar suna ce ta gagare ki?"

"Ita ce ta gagare ni," ta ce. "Ba ni da abin kare kaina."

Ya juya ya shige ciki.

Kwana huɗu babu kira, babu saƙo. Ta ci gaba da zuwa aiki kamar gawa, tana tambayar kowace mara lafiya sunanta sau biyu, har wata tsohuwa ta ce, "'Yar nan, aurena za ki yi?"

Ranar sallamar Umma aka ce wa Auta ana kiranta.

Umma na zaune bakin gado, shi yana tsaye riƙe da jaka.

Auta ta durƙusa. "Umma, ki yafe min..."

"Wa ya tilasta miki faɗa?"

"Ba kowa."

"Waccan 'yar gwaggon tasa ta zo tana ba ni labarinki da zafinsa, wai a kan idonta aka yi. Na ce to, da kika gani, me ya hana ki ihu? Har yanzu ba ta ba ni amsa ba."

Umma ta ɗaga mata yatsunta.

"Kin wahalar da ni, yarinya. Yatsuna duk sun zama rariya."

"Ki yi haƙuri, Umma."

"Ban ce kin burge ni ba." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka daina cika kana batsewa, kwana huɗu ka hana mu sakat da ajiyar zuciya. In ta gama wata ukun nata, ka tura kawunnanka gidansu."

Jakar ta suɓuce daga hannunsa.

"Umma... da gaske?"

"Ɗauki jakata, sakarai!"

Ya sunkuya zai ɗauka, kansa ya zo daidai kunnen Auta.

"Na yi kewarki," ya raɗa mata.

Ta rufe fuska da tafin hannu, kuka da dariya suka haɗe mata.