Hannun da Ke Ƙasan Takarda

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen daminar shekarar 1976. An idar da sallar magariba, unguwar Abakpa ta yi tsit irin na lokacin da kowa ya shige gida. Malam Datti na zaune kan tabarma a tsakar gida, matarsa Turai na kwashe tuwo, 'yarsu Hasiya, mai shekara goma sha biyar, tana goge gilashin fitila. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwal. Turai ta ce 'ya'yan maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku kuwa bai tsaya a rufi ba, ya dira cikin kwanon miya. Datti ya sa hannu ya ciro shi. Ba dutse ba ne, guntun itace ne ɗanye, sabon sara, na tsamiya. Babu tsamiya ko ɗaya a layinsu, amma ya san inda aka sare wata.

Datti shi ne sakataren kwamitin tsare-tsare a wata kwalejin horon malamai da ke ƙarƙashin jami'a. Mutum ne na takarda, wanda ko atishawa aka yi a taro sai ka ganta a bayanin da ya rubuta. A shekarar nan aka buɗe firamare kyauta ga kowa, ana neman malamai ido rufe, kwaleji ta cika ta batse, dole a ƙara azuzuwa. Filin da aka zaɓa akwai wata tsohuwar tsamiya a tsakiyarsa, wadda masu gadi ba sa kusanta idan rana ta faɗi. Kwamiti ya zauna, aka ja aka ja, a ƙarshe aka amince a matsar da ginin ƙafa ashirin yamma, a bar itacen. Shugaban kwalejin, wani dattijo mai barkwanci, ya ce to sakatare ya je ya sanar da masu wurin, tunda shi ne mai sanarwa. Aka yi dariya. Amma Datti ba ya ɗaukar umarnin kwamiti da wasa. Da la'asar ya je ya tsaya a gindin tsamiyar, ya yi sallama, ya ce kwamiti ya bar musu wurinsu, babu mai taɓa su.

Washegari aka tura shi Zariya kwas na mako biyu. Kamar yadda aka saba a ofishin, ya sa hannu a ƙasan fararen takardu guda uku don kada aiki ya tsaya, ya bar su wurin Maliki, mataimakin magatakarda. Wa zai ji tsoron Maliki? Yayan Turai ne uwa ɗaya uba ɗaya, abokin Datti tun suna makarantar midil, kowace Juma'a a gidan yake cin tuwo. Da Datti ya dawo ya tarar katafila ta tumɓuke tsamiyar, Maliki ya ce masa umarni ne daga jami'a, ya fi ƙarfinsu. Datti ya ji zafi, amma ya yarda.

Daga Larabar nan gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da zarar an sallame salla sai jifa ya fara. Daga baya aka soma jin ƙarar tafireta a ɗakin ajiya, inda babu komai sai buhun masara da tsohon keke. Sai kuma wata murya ƙasa-ƙasa mai kiran sunayen 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, idan ta zo kan sunan Datti sai ta tsaya tana jira. Turai ta daina dafa abincin dare. Maƙwabta suka janye ƙafa, masu zuwa aron garwashi ma suka koma wani gidan.

A rana ta bakwai Hasiya na alwala ta yanke jiki ta faɗi. Kafin uwarta ta isa gare ta ta miƙe zaune, ta harɗe ƙafafu, ta dubi ubanta da idanun da ba nata ba. Da muryar tsohuwa ta ce, "Sakatare, karanta mana bayanin taron da ya wuce."

Kwana uku yarinyar ba ci ba sha, hannunta na dama ya sandare kamar icen girki. An kai ta asibiti an ce ba a ga komai ba. Maliki ne da kansa, kawun yarinya mai tausayi, ya ɗauko Malam Husaini daga Kawo a motarsa. Malamin dattijo ne marar yawan magana, ya shekara arba'in yana karantarwa. Ya sa aka zaunar da Hasiya a ɗakin uwarta, ya ce Maliki ya riƙe fitila, ya fara karatu a hankali. Duhun magariba ya sauko, ƙarar tafireta ta ɗauke, ɗakin ya yi nauyi har numfashin kowa ana jinsa.

Can sai tsohuwar muryar ta ce ya isa haka, yana ƙona ta. Malam ya tambaye ta ko wace ce. Ta ce sunanta Delu, a tsamiyar nan aka haife ta tun babu barikin soja a Kaduna. Ta ce da ba a ce musu komai ba, da sun kwashe nasu ya nasu sun tashi tun ranar da suka ga masu awon fili. Amma mutum ya zo har gida, ya yi sallama, ya ce su kwantar da hankalinsu. Suka saki jiki. Katafila ta same su da hantsi suna barci, autarta ta rasa hannu.

Datti ya rantse da Allah bai san da maganar ba, yana Zariya.

"Direban katafila ya zo da takarda," in ji ta. "Ba mu iya boko ba, amma mun san warin hannu. Naka ne a ƙasa."

Malam ya tambaya, to na sama fa?

"Tambayi mai riƙe da fitila."

Hasken ɗakin ya fara rawa a jikin bango. Malam Husaini ya ɗaga hannu ya ce kowa ya tsaya, ba a yanke wa mutum hukunci da maganar aljani, domin suna ƙarya kamar yadda mutane ke yi. Ya juya ya dubi Maliki ya ce ya faɗi gaskiya don Allah, ran yarinya ne. Maliki ya ajiye fitilar a ƙasa. Da ya buɗe baki kuwa, ko gezau. Ya ce tawagar jami'a na tafe duba gine-gine, matsar da gini ƙafa ashirin na nufin sabon zane da jinkirin wata shida, kuma a wannan ziyarar za a zaɓi sabon magatakarda. Ya ce bayanin taro ya sake bugawa a farar takardar da Datti ya bari, layi ɗaya kawai ya canza, inda aka ce a bar itacen ya mayar a sare. Sannan ya ƙara da cewa, "Ai kai ka sa hannu, Datti. Ni ban tilasta ka ba."

Wallahi da marin Datti ya yi da ya fi sauƙi. Abotar shekara talatin ta zube a gabansa. Turai ta toshe baki da gefen zani. Malam ya ce wa Delu to ga mai laifi ta ji, me ya sa ta kama yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba?

"Wancan bai yi mana alkawari ba," ta ce. "Wannan ne ya yi."

Aka shiga ciniki. Ta ce hannu da hannu, za ta tafi da na yarinyar. Malam ya ce ba ta isa ba, zalunci ne, ya ci gaba da karatu har ta yi ƙara ta ce ta janye. Ta ce to a ba ta ɗakin ajiya ta zauna da iyalinta, ya ce gidan mutane ne. A ƙarshe ta ce abu ɗaya ya rage. A ɗakin da aka karanta ƙaryar, a gaban majalisar kwaleji, sakatare ya miƙe ya faɗi da bakinsa cewa takardar ƙarya ce. Za su je, za su ji.

Datti ya san abin da hakan ke nufi. Sa hannu a farar takarda kowa na yi, amma a dokar aiki laifin kora ne ga wanda ya furta. Ya dubi sandararren hannun 'yarsa, ya ce ya yarda. Hasiya ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta, ta ce tana jin yunwa. Yatsunta suka fara motsi.

Ranar Litinin majalisa ta zauna. Datti ya miƙe ya faɗi komai, bai rage ba bai ƙara ba. Tunda maganar ta shafi sakatare, aka ce ya ajiye alƙalami, mataimakin magatakarda ya ɗauki bayanin taro. Da aka tambayi Maliki, ya ce shi dai takarda ya gani da sa hannu, ya aiwatar. Duk waɗanda suka yi dariya ranar da aka aiki Datti gindin tsamiya suna zaune, babu wanda ya tuna an taɓa cewa a matsar da gini. Kowa ya san shi ma ya taɓa barin farar takarda da sa hannunsa a wani ofishin, kowa ya sunkuyar da kai.

Bayan mako biyu takardar sallama ta iso Abakpa, Maliki, sabon magatakarda, shi ne ya sa mata hannu. Jifa bai sake dawowa ba. Datti ya samu koyarwa a wata firamare a Kurmin Mashi, yana zuwa a keke, ya rame ya yi shiru. Hasiya ta warke sarai, ba ta tuna komai daga kwanakin nan, kuma babu wanda ya gaya mata.

Wata Juma'a tana tankaɗe gari ta ce wa uwarta, wai shin lafiya Kawu Maliki ya daina zuwa, ko a ƙara garin saboda shi? Turai ba ta ɗago kai daga murhu ba.

"Auna na mutum uku," ta ce. "Ba ki da kawu."