Gayyatar Da Ta Riga Baffa

Tun da hantsi hadari ya tsaya a gabas da Ƙaura, baƙi ƙirin, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa. Muhsina na zaune a tabarma a tsakar gida tana zana wasu ƙananan alamomi masu kama da bakin tsuntsu, mahaifiyarta Inna Furera kuwa na tsintar shinkafa tana kallonta ta wutsiyar ido.

"Wai wanga rubutu naki, Larabci na ko Turanci?"

"Inna, HTML sunanshi. Da shi ake gina shahin intanet. Kowace alama kinka buɗe sai kin ruhe ta, in ba haka ba komi shi wargaje."

"To Allah shi sa ki koyi ruhe tukunya haka nan. Jiya kaji sunka yi walima da tuwon Malam."

Muhsina ta yi dariya. Ba ta daɗe da fara zuwa cibiyar koyon kwamfuta ta bakin tasha ba, amma in tana zancen intanet sai ka rantse a ɗakinta aka ƙera shi. Mutane sun yi mamakin yadda mahaifinta Malam Kamaluddeen, malamin Larabci mai tsare gida, ya bar ta. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne, tun da aka ƙaddamar da Shari'a cibiyar ta raba lokaci. Mata ke da safiya tare da Malama Saliha, maza kuma daga azahar, babu mai ganin wani.

Dariyar ba ta gama barin bakinta ba suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Tsohuwar fijo ce mai tari, kowa a gidan ya san muryarta. Ta Baffa Shehu ce, yayan Malam da ke Shinkafi. Shi ne babba a zuri'ar, kuma a al'adarsu uba ba ya aurar da 'yarsa da kansa, Baffa ke bayarwa, shi ke sa rana. Bai taɓa zuwa ba sai ya aiko tukuna. Yau ko sallama bai yi wa matan gida ba, sai muryarsa suka ji ta cika zaure.

"Kamalu! Na mutu ne ba a gaya min ba?"

"Subhanallahi! Yaya, mi yay yi zahi?"

"Karanta! A ƙohwar masallaci wani ɗan kasuwa yam miƙo min wagga takarda, shina yi min murna gaban jama'a. Wai za ka aurad da ɗiyarka Asabat ta bayan Sallah! Ni da nir riƙe ka tun rasuwar Baba, a titi za ni ji?"

Malam ya soma karantawa a fili. "Iyalan Malam Kamaluddeen na farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki ɗaurin auren 'yarsu Muhsina da angonta Jelani Sakajiki..."

Biro ya suɓuce daga hannun Muhsina. Ta san kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, don ita ta rubuta su.

Ga yadda abin ya faru. Malama Saliha ta ba su aikin gwaji, kowace ta gina shafi guda mai kanun rubutu da hoto da launi, a kan duk abin da take so. Wasu suka yi na girki, ƙawarta Rumaisa'u ta yi na ɗinki. Ita kuwa Muhsina, me ke ranta dare da rana in ba Jelani ba? Malamin firamare ne a Sakajiki, ɗan manoma, mai kunya har ta yi yawa. Magabatansa sun zo neman izini, Malam ya ce su saurara sai ya je Shinkafi ya shawarci yayansa. Jiran ne ya yi mata tsawo, sai ta sa wa kanta rana a kwamfuta don ta ga yadda sunayensu za su zauna kusa da juna. Ta yi wa shafin koren gefe, ta sa hoton gonar gero da Jelani ya taɓa ba ta, har da ɗan akwatin da ke ƙirga masu leƙowa. Da Malama ta ce kowa ta ɗora nata a intanet, ta ɗora tana murmushi. A ganinta, wa ya san adireshin in ba ita ba?

A zaure Malam yana ta rantsuwa bai san zancen ba. Can muryar Baffa ta sauka, ta yi sanyin da ya fi ihun ban tsoro.

"In ba kai ba ne, to yaron nan na. Ɗan boko! Ya ga an ce shi jira, shi ne yab buga kati don shi ɗaure muna hannu. A kira min shi gobe da la'asar. Nan za ni kwana."

Inna Furera ta dafe ƙirji. "Jelani? Yaron da ko ido ba shi iya haɗawa da mutum?" Ta juyo ga 'yarta. "Ke, kin san wani abu?"

"A'a, Inna," in ji Muhsina, kanta a ƙasa. Tsoro ne ya amsa mata, kuma tun kafin ta rufe baki ta tsani kanta.

Washegari ita ce ta fara isa cibiya. Ta zura ɗan faifan da take adana aikinta, ta nemo shafin, ta goge shi, ta saki ajiyar zuciya.

"Shi ke nan, na yi dilit," ta raɗa wa Rumaisa'u bayan ta ba ta labari.

"Dilit ɗin mi? Ke wai ina hankalinki ranar da anka yi darasin saba, babbar kwamfutar can da ka riƙe shahukan intanet? Kwafin hannunki kinka goge, na can shina nan daram!"

Rumaisa'u ta buga adireshin. Shafin ya soma buɗewa a hankali, daga sama zuwa ƙasa, koren gefen, sunayen, gonar geron. Akwatin ƙirgar da ta bari da 'yan lambobi tsiraru yanzu ya haura ɗaruruwa. Suna kallo ya ƙara ɗaya. A daidai wannan lokacin wani, a wani wuri, yana karanta ranar aurenta.

Da kuka ta je wurin Malama Saliha. Malama ta saurara har ƙarshe, ta yi salati, sannan ta nuna mata abin da ba ta sani ba. Mai cibiyar ya haɗa ayyukan ɗalibai a shafi guda don talla, kuma shi ne ke fara buɗewa a kowace kwamfuta in maza sun shigo da azahar. 'Yan kasuwar Shinkafi da na Zurmi masu zuwa aika saƙo duk ta kansa suke bi.

"Da ni da ke duk mun yi sakaci," in ji Malama. "Ya kamata in duba kahin a haɗa." Ta shigar da kalmar sirri, ta cire shafin. "Na can kam ya tahi. Amma takardar da ke aljihun Baffanki, da waɗanda anka buga anka watsa, babu maɓallin da ka goge su, Muhsina."

Da la'asar garin ya yi duhu kamar magariba, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Muhsina ta laɓe a bayan ƙyauren zaure, tana leƙe ta tsagar katako. Jelani ya shigo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, ƙafar wandonsa duk taɓon hanyar Sakajiki. Baffa ya jefa masa takardar.

Jelani ya karanta, fuskarsa cike da mamaki. Da idonsa ya kai kan hoton sai ya tsaya. Gonarsu ce, ga tsamiyar nan a kusurwa. Mutum ɗaya ya ba hoton nan a duniya. Muhsina ta ga lokacin da ya gane, ta ga ya naɗe takardar a hankali ya ajiye.

"Baffa, ban buga wagga takarda ba."

"To wa yab buga?"

Jelani ya kafe idonsa a kan tabarma.

Baffa ya miƙa hannu ya ɗauko Alƙur'ani daga kan alkuki. "Kana da alwala? Dahwa, ka rantse ba ka san wanda yay yi ba, in sallame ka."

Jelani ya dubi Littafin, ya mayar da hannuwansa baya. "Ku gahwarce ni. Ba ni iya rantsewa."

"Ka ji ko, Kamalu?"

"Jelani, ka yi magana mana!" in ji Malam, kamar zai yi kuka. "Ɗana, mi kake ɓoyo?"

"Duk hukuncin da kunka yanke, Malam, na ɗauka."

"Za ka ko ɗauka!" Baffa ya daka tsawa. "Zancen aure na kashe shi yau. Gobe kuma sai gaban alƙali, ka yi bayanin wanda yab ba ka izinin sa sunan gidanmu a takarda. In aikin koyarwar ma ya tahi, kai kaj ja!"

Jelani ya sunkuyar da kai. Nan Muhsina ta ga abin da shirunta zai ci: aikinsa, mutuncinsa, da sunan tsohon ubansa a Sakajiki. Ta tura ƙyauren. 'Ya mace ba ta shiga zaure manya na zaune, amma ta shiga, ta zube gaban Baffa.

"Ke! Koma ciki!" in ji Malam.

"Baffa, ni ce! Wallahi ni ce! Aikin gwaji anka ba mu, ni nir rubuta, ni nis sa ranar da kaina. Na zaci ba mai gani. Jelani ko kunna kwamfuta bai iya ba. Hoton yag gane, shi ya sa yaƙ ƙi rantsuwa. Inna ma ta tambaye ni, nay yi mata ƙarya!"

Babu wanda ya motsa. Sai ga ɗigon farko a kan kwanon zaure, ƙwas, ƙwas, daga nan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Malam ya rufe fuska da hannun riga. Baffa ya daɗe yana kallon Jelani, sannan ya mayar da Alƙur'ani mazauninsa.

"Babu zancen kotu. Tashi ka tahi, yaro." Ya dubi Muhsina. "Ke kuwa, tunda kin iya sa rana, sai ki jira ki ga ko ranarki ta isa. Ban bayar ba, ban hana ba. Kada wanda ya sake yi min zancen."

Kada ka so ka ga watannin da suka biyo baya. Malam ya hana ta zuwa cibiya, ya hana Jelani zuwa zance, ya kuma daina kiran sunanta in zai aike ta, sai dai "ke". Mafi ɗaci shi ne Asabar ɗin bayan Sallah. Da safe sai ga mutane daga Zurmi da Birnin Tsaba cikin manyan riguna, kowa da takardarsa, sun zo ɗaurin aure. Malam Kamaluddeen, mutumin da garin ke tashi tsaye in ya wuce, shi ya tsaya a ƙofar gida yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Muhsina na jiyo shi daga ɗaki, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da yamma ta je ta durƙusa gabansa ta nemi gafara, ba ta kawo uzuri ko ɗaya ba.

Ba ta aika wa Jelani saƙo a ɓoye ba, ko da Rumaisa'u ta ce za ta kai. "Na yi gaban kaina sau ɗaya, na ga abin da yaj jawo," in ji ta. Shi ma a Sakajiki 'yan uwa sun yi ta zuga shi ya nemi wata, tunda gidan malamai sun mai da shi abin dariya. Amsarsa ɗaya ce, an ce ya jira, yana jira.

Sai da aka gama kaka, gero ya shiga rumbu, fijo mai tari ta sake tsayawa a ƙofar gida. Wannan karon Baffa ya yi sallama har tsakar gida, ya tsaya a gaban Muhsina.

"Sa hijabinki. Kai ni wurin nan da kinka ɗaura wa kanki aure."

Ta sa hijabi ta bi shi, Malam na biye. Sun isa mata sun tashi, maza ba su fara shigowa ba, Malama Saliha ce kaɗai. Baffa ya ja kujera ya zauna yana harar kwamfutar kamar saniyar da bai yarda da lafiyarta ba.

"Zamna. Rubuta abin da nic ce, kada ki ƙara ko wasali. Iyalan marigayi Malam Shamsuddeen, ta hannun Shehu Shinkahi..."

Yatsunta suka tsaya, don sunan kakanta ne, kuma da haka katin gayyata ke farawa. Ta ɗago ta dube shi.

"Rubuta mana! Ko kin mance aikin? Na yi bincike a Sakajiki, amma ba shi yas sa ba. Yaron da yaƙ ƙi rantsuwa bisa ƙarya, yaƙ ƙi tona miki asiri, ya yarda a kai shi kotu, ina za ni samo miki irinai? Ke ma da kinka hito kinka hwaɗi gaskiya, na gani. Sa hoton gonar nan, ta yi kyau."

Hawaye na zuba tana bugawa, yana faɗa tana rubutawa, har ranar da shi ya zaɓa. Malam ya matso ya dafa bayan kujerarta. "Muhsina, gobe ki koma karatunki," ya ce. Rabon da ta ji sunanta a bakinsa tun ranar ruwan nan.

Da ta gama ta duba layi-layi, ta kai kibiya kan maɓallin ɗorawa, sai ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

"Baffa... in ɗora?"

Tsohon ya yi murmushi, na farko tun damina. "Yanzu kinka yi tambaya. Ɗora, ɗiyata."

To 'yan uwana masu koyon wannan sana'a, abin da kuka ɗora a intanet ya bar hannunku, ko da wasa kuka yi shi. Gaggawa ta kusa raba Muhsina da abin da take so, gaskiya da haƙuri suka dawo mata da shi. Har ta ƙware ta soma koyar da wasu, darasinta na farko bai taɓa canzawa ba: kafin ki danna, ki tambayi kanki sunan wa ke ciki, kuma ko ya yarda.