Filogin Firinta

Da safiyar wata Litinin ta 1988 aka tsinci gawar wata ma'aikaciya mai suna Judith a ofishin wani kamfanin sufuri da ke unguwar Trikania, kwance tsakanin sabuwar kwamfuta da firinta. Wayar da za ta haɗa su tana damƙe a hannunta, tafin ya ƙone.

Kafin Sufeto Isiyaku ya iso, ma'aikata sun gama yanke hukunci: kwamfuta ce ta ja ta, laifin kuwa na Nuhu mai gyaran wuta ne. Har sun fasa masa baki. Sufeto ya tsani irin wannan shari'ar ta tsakar gida, ya kuma san in ya yi sake, Nuhu a kurkuku zai tsufa.

"Me ka taɓa a nan?" ya tambaye shi.

"Filogin firinta kawai na canja ranar Juma'a, ranka ya daɗe. Na ƙasar waje ba ya shiga soket ɗinmu. Na kunna, ta kawo wuta a gaban Manaja."

Manaja Albert ya tabbatar da haka. Shi kansa tun Asabar yana Jos wajen biki, direbansa shaida ne.

Saura Baba Wilson, tsohon mai buga tafireta, wanda ya fara ganin gawar. Shi ya koya wa Judith aiki, 'yata yake ce mata.

"Da ka shigo, me ka fara yi, Baba?"

"Na zare filogin firinta, kada ta ja wani."

Sufeto ya duba bango. Filogin kwamfuta yana nan a soke. Ya kwance na firintar da sukudireba. An musanya wayoyin: koriyar wayar da ke manne da jikin injin an ɗaura ta inda wuta ke shigowa, ƙarfen firintar duk ya ɗauki wuta. Judith ta kama kan wayar firintar da hannu ɗaya, ta dafa bayan kwamfuta da ɗayan, shi ke nan. A cikin murfin filogin kuma ga shatin yatsa, rabi baƙi rabi ja.

"Baba, kowa ya ce kwamfuta ce. Kai kaɗai ka nufi firinta. Wa ya gaya maka?"

Sufeto ya nuna masa shatin yatsan.

"Nuhu ba ya taɓa tawada. Kirtanin tawadar tafiretarka kuwa baƙi ne da ja. Miƙo hannunka."

Bai miƙa ba. Ya zauna daɓas a kujerarsa, ya ɗora hannun bisa tafiretar.

"Sun ce da zarar firintar ta fara bugawa, sallamata za a yi, shi ya sa na musanya wayoyin. Na ɗauka in an kunna injin ne zai ƙone, a mayar da shi inda ya fito."

Sufeto ya sa aka saki Nuhu, amma ko kaɗan bai ji daɗin nasarar ba. A bakin ƙofa, da ankwa a hannu, Baba Wilson ya tsaya cik.

"Sufeto, uwarta a Sabon Tasha take. Ni na je na roƙe ta ta ba ni yarinyar."